Azara Uku a Gadar Sumaila

A shekarar da aka shafa wa gadarmu jan fenti ina koyar da 'yan aji ɗaya a wata makarantar firamare a Lamashegu. Gidanmu yana Sabonjida, don haka sau biyu nake taka gadar kowace rana. Ba babba ba ce. Ginshiƙai huɗu ne na marmara, aka ɗora manyan azara goma sha biyu a kansu, huɗu a kowane tsakani, aka jera ƙanana a gicciye, aka zuba ƙasa da tsakuwa aka daɓe. Da rani rafin da ke ƙarƙashinta busasshe ne, awaki ke kwanciya a inuwarta. Da damina kuwa ruwa yakan kai ƙirjin namiji, wanda bai bi ta kanta ba sai ya yi zagaye mai nisa kafin ya isa kasuwa.

Kakana Sumaila ne ya gina ta. Magini ne daga ƙasar Zazzau, ya biyo fataken goro zuwa Salaga, da Turawa suka mai da mazauninsu Tamale aikin gini ya buɗe sai ya dawo nan. Shi da Dagombawan unguwa suka yi gayya suka gina gadar, tun mahaifina yana ƙaramin yaro. Har yau Gadar Sumaila ake ce mata.

Azara daga giginya ake tsaga ta, kuma giginya akwai namiji akwai mace. Namijin tauri gare shi, gara ba ta iya masa. Macen kuwa cikinta laushi, shekara biyu ko uku gara ta gama da ita. Idan an tsaga su sun sha rana da laka a hanya, ido yana iya ruɗuwa, don haka da kunne ake zaɓe. Ana bugun azara da ƙeyar wani ƙaramin gatari. Namiji ya yi ƙara mai tsayi kamar an taɓa ƙarfe, mace ta yi wani bus kamar an bugi kabewa. Kakana ne ya koya mini wannan ina ƙarama. Amaryarsa yake kirana, ya ɗora ni a cinyarsa ya ba ni gatarin, in buga in faɗa, idan na yi kuskure ya ce ya sake ni, in ja masa gemu har ya ce ya mai da ni.

A wurin maginanmu mutum ɗaya ne ke zaɓar azara, shi ne mai riƙe da gatarin. Abin da ya ce shi ke nan. Sauran magina ɗauka ne nasu, ba sa tofa baki ko da sun girme shi, don idan rufi ya faɗo a san kan wanda za a nema. Da kakana ya rasu gatarin ya koma hannun mahaifina, Masahudu.

Ni ce 'yar farinsa. Bai taɓa kiran sunana ba, ban kuma taɓa tsayawa a gabansa na yi magana da cikakkiyar murya ba. Idan yana son wani abu daga gare ni, ƙanwarsa Goggo Humu yake gaya wa, ita da ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata. "Gaya wa yarinyar nan," haka yake cewa, ko da ina durƙushe a gefensa. Ban taɓa jin haushin hakan ba. Haka na taso na gani a gidaje, kuma ni dama ba mai yawan magana ba ce.

Ban san ranar da kunnensa ya fara nauyi ba. Na dai lura ya koma kallon bakin mutane idan suna magana. Ya riƙa cewa "haka ne" a wuraren da ba a nemi haka ne ba. A masallaci, in ji Goggo, ya koma tsayawa daf da liman. Kowa a gidan ya lura, babu wanda ya ce komai.

Shekara biyu kafin jan fentin, ambaliya ta kawo wani kututture ya daki tsakiyar gadar, azara uku suka tsage. Da ruwa ya janye mutanen ƙauye suka kawo azara wani fili wajen Gurugu, Baba ya je zaɓe tare da Buraima, babban magininsa, mutumin da ya yi shekara ashirin yana bin sa. Ranar Asabar ce, ba makaranta, Goggo ta ba ni tuwonsu na kai. Na iske Baba yana bin azarar ɗaya bayan ɗaya yana bugawa, ya karkata kai kamar yadda kakana ke yi. Ya bugi wasu dogaye guda uku, miƙaƙƙu, masu kyan gani. Daga inda nake tsaye da kwano a kai na ji ƙararsu. Kabewa ce, dukkansu uku. Ya ce a ware su.

Na kalli Buraima. Buraima yana kallon yatsun ƙafarsa.

Da Baba ya zauna cin abinci na durƙusa a gefensa na zuba masa ruwa a hannu. Na ce, "Baba, waɗancan ukun kamar mata ne." Da muryar da na saba yi masa magana na faɗa, kaina a ƙasa. Idonsa yana kan kwano. Ya yarfe hannunsa ya fara ci, can ya ce wa Buraima a gaya wa yarinyar nan ta koma gida rana ta yi zafi.

Na san bai ji ba. Amma a hanyar komawa na riƙa gaya wa kaina ai na faɗa. Shekara biyu ina taka gadar safe da yamma, idan na zo tsakiya sai in bi gefen yamma inda tsohuwar azara take, ina gaya wa kaina ai na faɗa.

A bazarar shekarar da nake ba da labari, gefen gabas na tsakiyar gadar ya fara lotsawa. Wata ranar kasuwa ƙafar jakin wani mai doya ta burma, jakin ya karye, doya ta zube cikin rafi. Bayan kwana huɗu wasu leburori suka zo da gwangwanin fenti suka zana jan gicciye a jikin ginshiƙin farko. Suka ce injiniyan gwamnati zai zo ranar Litinin ya duba, amma magana ta riga ta ƙare: za a rushe ta, a yi kwalbati na siminti can ƙasa inda lori zai iya bi.

Goggo Humu a bakin gadar take sayar da koko da ƙosai tun ina goye. Ita ta fara kai kuka wurin Mba Andani, dattijon Dagombawa da ke kula da wannan ɓangaren na unguwa. Yana saurayi ya ɗauki marmara a kansa a gayyar kakana, har yanzu yakan nuna wa mutane dutsen da ya ce shi ya ɗora. Ya tara dattawa, suka yanke cewa za a roƙi injiniya ya saurari shugaban magina kafin a sa diga. Malamin ofishin da ke biyo injiniyan mutumin bakin teku ne, ba ya jin Hausa, ba ya jin Dagbanci. Sai Mba Andani ya aiko a kira ni.

Hausarsa irin ta kasuwa ce, kowa namiji ne a bakinsa.

"Kai ne za ka yi Turanci," ya ce da ni. "Gada ya tsufa amma bai mutu ba. Ni ma na tsufa, an zo an shafa mini fenti? Baban ka zai buga, Bature zai ji da kunnen shi."

Na ce to.

Ranar Lahadi da hantsi na tarar da Buraima a bencin Goggo yana shan koko. Goggo tana tsokanarsa wai shekara ashirin yana bin yayanta ko gemu bai iya tsayarwa miƙe ba, balle bango. Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Da ta juya kwashe ƙosai na zauna a ƙarshen bencin, na tambaye shi a hankali ko ba zai yi wa Baba magana ba kafin gobe. Bai tambaye ni wace magana ba. Ya ce shi ɗauka ne aikinsa, ranar da ya buɗe baki a kan zaɓen mai gatari babu maginin da zai sake yarda da shi a garin nan. Ya ce ke ce 'yarsa. Na ce ai don ni 'yarsa ce.

Goggo ta juyo da matsami a hannu tana kallonmu.

"Wannan ƙus-ƙus ɗin fa? Buraima, idan aurenta kake nema ka fito fili, 'yar boko ce, sai ka koyi cin abinci da cokali."

Na tashi na bar wurin. A bayana na ji ta daina dariya.

Ranar Litinin da safe, bayan ya dawo daga masallaci, na je ƙofar ɗakinsa na durƙusa. Yana zaune yana goge gatarin da man kaɗe, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Tsakar gidanmu cike take da 'yan haya, matan suna wanke-wanke, wani tela yana ɗaura kekensa. Idan ina son ya ji ni sai na ɗaga murya har kowa ya ji, in ce wa mahaifina kunnensa ya mutu kuma zaɓensa ne ya karya jakin mutane. Na buɗe baki na gaishe shi. Ya ga bakina ya motsa ya ce lafiya lau. Na tashi.

Injiniyan ya iso wajen ƙarfe tara. Saurayi ne dogo, wuyansa ya yi ja saboda rana, yana riƙe da wani siririn sandan ƙarfe mai tsini. Bai yi mana wulaƙanci ba. Ya gai da Mba Andani da "Dasiba", gaisuwar safe ta Dagbanci, tsohon ya amsa "Naa" yana murmushi. Mutane sun cika bakin rafin gefe da gefe, masu itace sun sauke kayansu, har mai jakin nan ya zo.

Injiniyan ya yi bayani, ni ina mayarwa. Ya ce ba ya raina aikin wanda ya gina gadar, amma itace itace ne, a ƙasar nan gara ba ta barin sa. Yau azara ɗaya ta ci jaki, gobe wata za ta ci mutum. Sau biyu ya ce in ɗaga murya don ba ya jin abin da nake mayar masa. Mba Andani ya ce a gaya masa ba kowane itace ba ne, a bar mai gatari ya nuna masa. Injiniyan ya ɗaga kafaɗa ya ce to.

Muka gangara ƙarƙashin gadar, Baba a gaba, injiniya da malaminsa, Mba Andani yana dogara sanda, Buraima, sai ni a baya. Awakin suka watse. Wurin akwai sanyi da warin kashin jemage. Baba ya naɗe hannun rigarsa ya fara daga tsakanin farko. Ya buga, ƙarar ta tashi tsaf har mutanen da ke sama suka ji. "Lafiyayye," ya ce. Ya bugi na biyu, na uku, na huɗu. Injiniyan ya karkata kai yana saurare, na ga abin ya ba shi sha'awa. Muka wuce can ƙarshe, huɗun nan ma haka. Sannan Baba ya dawo tsakiya. Ya bugi tsohuwar azara ɗaya da ta rage a gefen yamma, ta yi ƙara. Ya matsa gabas ya ɗaga gatari.

Bus.

"Lafiyayye," in ji Baba.

Ya bugi ta biyu. Bus. Ya karkata kai kamar mai saurare, ya ce lafiyayye. Ta uku ita ce wadda jakin ya burma kusa da ita, ita ma ya ce lafiyayye, ƙasar sama ce kawai ta zaizaye. Ya juyo yana kallon Mba Andani da fuskar wanda ya gama aikinsa.

Can sama wata mata ta fara dariya, wani ya kwaɓe ta. Mba Andani yana kallon ƙarshen sandansa. Ba magini ba ne, amma ya ji, kamar yadda masu itace suka ji, kamar yadda mai jaki ya ji.

Injiniyan ya tambaye ni me ya ce a kan waɗannan ukun. Na ce ya ce lafiyarsu ƙalau. Ya kalle ni, ya kalli Baba. Sannan ya ɗaga sandan ƙarfensa ya kafa tsinin a jikin azara ta farko ya tura da hannu ɗaya. Ƙarfen ya shige kamar cikin tuwo. Da ya zaro, jar ƙasar gara ta zubo a kan hular Baba da kafaɗar rigarsa, gara farare suna yawo a kan aikin wuyan rigar. Ya yi wa ta biyu haka, ya yi wa ta uku.

Baba ya tsaya yana kallon ramukan. Bai kakkaɓe rigarsa ba.

Injiniyan ya yi magana a hankali, kamar mai jin nauyi. Ya ce idan shugaban maginan da kansa ba zai iya bambance mai kyau da ruɓaɓɓe ba, to wannan bugun ba gwaji ba ne, al'ada ce kawai, kuma ba zai bar rayukan mutane a kan al'ada ba. Ya ce wataƙila sauran taran ma haka cikinsu yake. Ya karɓi littafi daga hannun malaminsa ya fara rubutu, ya ce in gaya wa dattawa leburori za su zo ranar Alhamis.

Ban mayar da maganar ba. Ina kallon alƙalaminsa yana tafiya, ina tuna hannun kakana a kan nawa yana gyara mini riƙon gatari. Taran nan shi ya zaɓe su, sun fi shekara arba'in a wurin. Za a fasa su da diga a ce dama aikin banza ne, saboda ranar da ya kamata in yi magana na yi ta yadda ba za a ji ba.

Ban san lokacin da na matsa ba. Na tsinci kaina a gaban Baba, a tsaye, ban durƙusa ba. Na kama gatarin da ke hannunsa. Bai sake shi nan da nan ba, ya kalle ni kamar bai san ni ba, sannan ya sake. Na ji wani a sama ya ce subhanallahi. Mace ba ta taɓa wannan gatarin, in ban da wasan da kakana ya yi da ni a ɗakinsa. Na kama wuyan hannun mahaifina, hannun da rabona da taɓa shi tun ban yi wayo ba, na ɗaga shi na manna tafinsa a jikin tsohuwar azarar kakana. Na buga kusa da yatsunsa. Itacen ya yi rawa har cikin ƙashin hannuna, na san ya kai nasa. Na ja shi taki biyu zuwa gabas na manna tafinsa a kan sabuwar. Na buga. Babu abin da ya motsa, sai ƙasa da ta ƙara zubowa.

Na sake mai da shi kan tsohuwar na buga. Na sake kawo shi kan sabuwar.

A karo na uku shi ya zare hannunsa. Ya kalli tafinsa. Ya kalli Buraima, Buraima ya sunkuyar da kai. Ya ɗaga ido ya kalli mutanen da ke leƙowa daga sama, fuska bayan fuska, na ga yana gane cewa babu wanda abin ya zo masa baƙo sai shi.

Da ya yi magana muryarsa ta fita da ƙarfi fiye da yadda yake nufi, irin ta wanda ba ya jin kansa.

"Waɗannan ukun ni na zaɓe su. Mata ne. Taran na mahaifina ne. A gaya wa Bature ya soki taran."

Na mayar. Wannan karon injiniyan bai ce in maimaita ba. Ya rufe littafin a kan yatsansa, ya je ya kafa ƙarfen a jikin tsohuwar azarar ya tura. Tsinin ya zame. Ya ba malaminsa littafin ya sa hannu biyu, ya jingina da nauyinsa, bai bar komai ba sai ɗan tabo. Ya bi taran ɗaya bayan ɗaya, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Ya tambaye ni shekarunsu, na faɗa. Ya tambayi bambancin namiji da mace, na yi masa bayani yadda kakana ya yi mini, har da kabewar. Ya karɓi gatarin ya buga da kansa, nan da can, yana saurare.

Ya daɗe yana tunani kafin ya yanke. Ya ce kwalbatin lori za a yi shi can ƙasa ko ana so ko ba a so, wannan ba a hannunsa yake ba. Amma gadar zai bar ta don masu ƙafa da jakuna, idan an canza azara ukun kafin ruwan farko, zai dawo ya soke su da kansa. Da sharaɗi ɗaya: wani ne zai zaɓa, ba wannan dattijon ba.

Na juya na faɗa wa dattawa da Hausa. Magana ta hau sama, aka fara hamdala, na ji muryar Goggo a ciki. Baba yana tsaye a tsakiyarmu da ƙasar gara a hularsa, yana bin bakunan mutane da ido. Ya ga ana murna, bai san a kan me ba. Ya tambayi Buraima me Bature ya ce. Buraima ya motsa baki, Baba ya ce me. Mba Andani ya taɓa ni da sandansa.

"Kai ka fara," ya ce. "Ƙarasa."

Na matsa kusa da kunnen mahaifina. Na faɗa da muryata, bai ji ba. Na ƙara, ya girgiza kai. Sai na cika ƙirjina na ɗaga murya irin wadda ko a aji ban taɓa yi ba, a ƙarƙashin gada inda kowace ƙara ke ninkuwa, a gaban Sabonjida da Lamashegu.

"An bar gadar. Amma an ce ba kai za ka ƙara zaɓar azara ba."

Hamdalar da ake yi a sama ta tsaya.

Baba ya gyaɗa kai sau ɗaya. Ya miƙa hannu, injiniyan ya ba shi gatarin. Ya goge ƙeyarsa da gefen rigarsa ya miƙa wa Buraima, Buraima ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu yana kuka ba sauti. Sannan Baba ya hau gangaren shi kaɗai. Mutane suka buɗa masa hanya, kowa yana kallon wani wuri.

An yi gayya a makon. Buraima ya zaɓi azara uku a Gurugu, ya bugi kowace sau goma kafin ya yarda. Injiniyan ya dawo ya soke su ya tafi, ruwan farko ya sauka bayan kwana shida. Goggo ta sa toka da soso ta dirji jan gicciyen, bai fita duka ba, idan ka san wurin za ka gan shi. Kasuwar kokonta ta ragu da aka buɗe kwalbatin, amma masu itace da 'yan makaranta suna nan.

A unguwa wasu sun ce na ceci gadar kakana. Wasu sun ce abin da boko ke koya wa 'ya'ya mata ke nan, su yi wa iyayensu tsawa a bainar jama'a. Idan na zo wucewa matan bakin famfo sukan yi shiru. Goggo kuwa ta daina tsokanata na wani lokaci, wannan ya fi mini ciwo.

Baba bai ƙara taka gadar ba. Idan zai je Lamashegu gaisuwa ko jana'iza, ta kwalbatin yake zagayawa, cikin lori da laka, da tsufansa. Ya daina fita wurin gini. Yakan zauna a gindin dalbejiyar ƙofar gida yana tufka igiya, abin da a da yake cewa aikin marasa aiki ne.

Wata ranar Asabar da la'asar, damina ta yi nisa, na kai masa ruwa a can. Na durƙusa na ajiye moɗa zan tashi, sai ya yi magana. Ba Goggo a kusa, ba kowa, da ni yake.

"Tun yaushe kika sani?"

Na ce tun ranar Gurugu, shekara biyu. Kaina a ƙasa, da muryar nan tawa. Da na ɗago na ga yana jira, idonsa a kan bakina, bai ji ba. Sai na ga sarai abin da na sake yi, na ga kuma zan iya tashi yanzu in tafi in ce ai na faɗa.

Na ɗaga yatsu biyu.

Ya kalle su ya daɗe. Ya tambaya ko wata biyu. Na girgiza kai.

"Da kakanki ne," ya ce, "da kin ja masa gemu tun a filin."

Ya mai da idonsa kan igiyarsa ya ci gaba da tufka. Ni kuma ina nan durƙushe da yatsuna biyu a sama, ban san lokacin da ya kamata in sauke su ba.